Ta'aziyyar da Na Hana a Yi wa Inna

Tun da na dawo daga Katsina ba ni da sakat a rumfata. Wanda ya kawo buhun aya sai ya tambaye ni yadda hanya take da abin da likitar Najeriya ta ce game da Inna, wanda ya zo shan inuwa ma haka. Na gaji da maimaitawa, kuma na lura kowa na ɗaukar rabin labarin ya cika da nasa. Shi ya sa na zauna na rubuta shi daga farko. Wanda bai iya karatu ba ya sa a karanta masa.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Isuhu, a Gazawa nake. Ina sayen aya da wake daga hannun manoma in sayar wa masu manyan motoci. Da tiya ɗaya da buhun aro na fara, ba wanda ya bar mani gado, saboda haka na saba da duba abu da idona kafin in yarda da shi. Amma a wannan magana idona a buɗe yake, ban ga abin da ke gabana ba.

Yayana Garba, ɗan farin Inna, ya rasu a daminar bara bayan ƴar gajeriyar jinya. Inna Bagobira ce ta gidan da ake riƙe kunya da ƙarfi. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, “wancan” take ce masa. Ranar da aka ɗauke shi ba ta zubar da hawaye ko ɗaya ba, mata suna ta yabon dauriyarta. Kafin nan mantuwa ta riga ta fara taɓa ta kaɗan-kaɗan, ta sa gishiri sau biyu a miya, ko ta nemi carbin da ke wuyanta. Bayan rasuwar sai abin ya yi gudu. Kullum da hantsi sai ta leƙa ƙofa ta ce, “Wancan bai dawo daga gona ba?” Ni kuma in durƙusa gabanta in ce Yaya ya rasu, ta yi haƙuri. A ganina in aka yi ta maimaita mata zai zauna, kamar yadda ake yi wa ƴan lakol, wato ƴan makarantar boko.

An ce iska ce, an ce sammu ne, an ce tsufa ne kawai. An sha rubutu, an yi hayaƙi. Wani lokotoro a Maraɗi ya duba ta ya ce jininta ya hau, ya rubuta magani, amma ya ce mu nemi wanda ya karanci ƙwaƙwalwar tsofaffi, ko a Yamai ko a Katsina. Katsina ta fi kusa, kuma ina da mai masauki a can. Na yanke shawara.

Sai dai ba a fita da tsohuwa daga ƙasa ba da sanin ɗan'uwanta ba, kuma ƙanenta Kawu Mamman na Gidan Rumji ba ya karɓar irin wannan magana ta waya. Dole muka fara yin yamma kafin mu yi kudu. Mu uku muka tashi bayan sallar asuba: ni da Inna da ƙanwata Dije, wadda ita ke kwana ɗaki ɗaya da ita. Na kama mana kujerun bayan direba don kada a matse tsohuwa.

A tashar Agye motar ta tsaya ɗaukar mutane. Na saya wa Inna ƙosai mai zafi, ta karɓa tana ta sa mani albarka. Sai wata mai fura da ta san gidanmu ta hango ta ta taga. Ta ajiye ludayi, ta goge hannu a zane, ta zo ta rusuna bakin ƙofar mota ta ce ba ta samu zuwa ba lokacin rasuwa, ya haƙuri, Allah ya ji ƙan Garba. Inna ta juyo ta dube ni ta ce, “Wane Garba?” Na gaya mata. Ta mai da fuskarta ga taga. Ƙosan nan yana hannunta har muka wuce Cadawa, ya huce, mai ya jiƙa takardar. Dije ta harare ni, na ɗauka zafin mota ne ya dame ta.

Gaba kaɗan taya ta fashe, muka zauna ƙarƙashin wani gawo. A nan wani malamin lakol da wani mai sayar da maganin gargajiya suka kama gardama a kan ciwon Inna, ba wanda ya tambaye su. Malamin ya ce ciwon ƙwaƙwalwa ne, mai maganin ya ce yana da garin da ake shaƙa sau uku a tuna har ranar suna. Malamin ya ce to ya fara shaƙa da kansa, tunda ya manta jakarsa a cikin mota. Duk muka yi dariya, ban da Inna.

Mun isa Gidan Rumji da la'asar. Kawu Mamman tsohon dillalin shanu ne, bakinsa ba ya hutawa. Ya tare ni tun daga zaure da wasan da ke tsakanin Gobirawa da mu Katsinawan Gazawa: “Kai Bakatsine, sai yanzu kaz zo? Kun ɗauke muna ɗiya lahiya lau, kunka maido ta ba ta san hanyar ɗaka ba.” Na ce ai shekara hamsin muka yi muna ciyar da ita, su zo su biya mu hatsi. Ya ce in fara biyan sadakin da ubana bai cika ba.

Abin mamaki, da Inna ta shiga gidan sai ta farfaɗo. Ta gane tsamiyar tsakar gida, ta gane inda tsohuwar rijiya take tun kafin a cike ta, ta kira sunayen maƙwabtan da suka daɗe da barin duniya. Aka kawo tuwon gero da miyar busasshiyar kuɓewa da man shanu, irin tuwon yamma mai tauri da sai ka sa ƙarfi kafin ka yanko. Ta cinye nata tas, har ta ce wa matar Kawu daddawarta ba ta nuna ba. Na ce a raina ai wannan ba ta buƙatar Katsina.

Da gari ya waye labari ya bazu cewa uwar mamaci ta zo. Kun san yadda muke: wanda bai samu zuwa gaisuwa ba, duk ranar da ya yi ido biyu da mai rashi sai ya yi ta, ko da shekara ta zagayo. Mata suka fara zuwa, biyu-biyu, uku-uku. Ni da kaina na tsaya bakin ƙofa ina yi musu iso, ina jin daɗin yadda dangin uwata suka san mutunci. Kowace ta shiga sai ta zauna ta ce ya ƙarin haƙuri. In sun zo a jere Inna takan amsa. In aka ɗan yi tazara, ta sha ruwa, hankalinta ya tafi wani wuri, sai ta gaba ta shigo, Inna ta sake tambayar wa ya rasu, a sake gaya mata. Kafin azahar ta daina magana. Tana kai da kawowa tana neman takalmanta, ta ƙi fura, ta ƙi ruwa. Ba ta yi kuka ba, domin ɗan fari ne.

Dije ta ja ni gefe ta ce a dakatar da matan. Na ce ta yaya za a kori mutanen da suka zo don Allah. Kawu ma ya ce abin kunya ne a gidansa. Game da tafiyar kuwa ya yarda, da sharaɗin kada mu bari a tsaga mata kai.

Washegari muka koma ta Maraɗi, muka kama hanyar Ɗan Isa. Ta ɓangarenmu na iyaka ba mu sha wahala ba, jandarmomi sun san fuskata. Da muka ƙetara sai muka faɗa hannun wani sabon ma'aikaci mai son aiki. Ya duba takarduna, ya dubi tsohuwa, ya tambaye ta wane ne ni a wurinta. Inna ta ƙare mani kallo daga hula har takalmi ta ce, “Ban san shi ba, ɗana. Tun safe yake bina.”

Aka ce in sauko in tsaya gefe. Na nuna masa inda aka rubuta sunan uwata a jikin katin shaidata, amma da Faransanci ne, ya ce shi ba ya jin wannan. Dije na rantsuwa, direba na danna oda, fasinja na ƙorafi. Ni dai na tsaya inda aka ce, domin na san a bakin iyaka wanda ya ɗaga murya shi ke kwana. Can wani babba a cikinsu, mai furfura a gemu, ya taso daga benci. Bai tambaye ta komai ba, ya tsaya kawai yana kallon yadda take ninke bakin mayafinta tana warwarewa. Ya miƙo mani takarduna ya ce mahaifinsa ma haka ya yi kafin ya rasu, har ya taɓa kiran shi ɓarawo a gaban mutane. Ya ce mu je, Allah ya ba da lada.

Daga nan zuwa Katsina shinge ya fi gari yawa. Ban taɓa lura da yawansu ba sai da na ɗauko mara lafiya. A can kowa Alhaji ne, kowa ranka ya daɗe ne. Kabu-kabunmu acaɓa suke ce masa. Burodinsu laushi da zaƙi kamar na yara, shayinsu kuwa a babban kofi ake cika shi da madara, mutum ya shanye a tsaye ya wuce, ba irin namu da ake zama a jira tafasa uku ba. In wuta ta ɗauke sai unguwa duka ta kama rurin injuna, su kuma suna hira a ciki kamar ba komai.

Mun sauka gidan Alhaji Lawal, wanda ya daɗe yana sayen aya a hannuna. Matarsa ta fito da fara'a, ta durƙusa gaban Inna, ta buɗe baki za ta fara gaisuwar rashi. Dije ta kama hannunta ta ce tana son ganin madafa yanzu-yanzu, ta ja ta ciki. Na ji haushi, na ga kamar ta kunyata ni a gidan mutane. Amma da maraicen nan Inna ta ci masa uku da miyar taushe, ta tambayi matar gida ko ita ƴar wane gida ce.

Asibiti ya ci mana kwana uku. Ranar farko kati da layi, ranar ta biyu aka ɗebi jini da sassafe aka ɗauki hoton kai, ba tare da an tsaga komai ba. Ranar ta uku muka ga likitar. Mace ce, ba ta kai Dije shekaru ba, har na fara tunanin ko mun yi asarar tafiya. Ta fara da tambayar Inna yau wace rana ce. Inna ta ce, “Ɗiyar nan, duk karatunki ba ki san ranar ba sai kin tambayi baƙuwa?” Likitar ta yi dariya, ta ce an kama ta. Ta ba ta sunan abu uku ta riƙe, ta ɗan ja ta da hira, ta sake tambaya. Ko ɗaya bai rage ba.

Ta sa wata ma'aikaciya ta fita da Inna shan iska, sannan ta juyo gare mu. Ba ta ɓoye komai ba. Ta ce ciwon mantuwa ne na tsufa, ba iska ba ne, ba aikin kowa ba ne, kuma ba ta da maganin da zai dawo da abin da ya tafi. Aikin da ya rage shi ne a tsare abin da ya saura, kada ya zube da sauri.

Daga nan ta yi mana bayanin wani sinadari da jiki ke fitarwa, ta ce sunansa kortizol. Wasu ƴan ƙananan abubuwa da ke bisa ƙoda ke sako shi cikin jini in ƙwaƙwalwa ta ba da umarni. Ga mai lafiya yakan hau da safe don mutum ya tashi da ƙarfi, ya sauka da dare don ya yi barci. In tsoro ko mummunan labari ya zo sai ya hau nan take, in abin ya wuce ya sauka. Ta ce wurin da ke ajiye sabon abu a ƙwaƙwalwa yana cikin masu ba da umarnin a sauke shi. In sinadarin ya daɗe a sama yana gajiyar da wurin, in wurin ya gaji kuma ba ya iya tsai da sinadarin. Na ce mata wannan ai motar da birkinta ya cinye ce a kan gangara. Ta ce kusan haka ne, amma kada in tafi in ce damuwa kaɗai ke kawo ciwon. Akwai shekaru, akwai hawan jini, akwai abin da masana ba su gama ganewa ba. Abin da aka lura da shi shi ne tsofaffin da ke zaune cikin tashin hankali sun fi saurin lalacewa.

Sai ta tambaya ko akwai abin da ke tayar wa Inna da hankali a kai a kai. Na ce babu, ba ta rasa ci ba, ba ta rasa sutura ba, ba mai ɗaga mata murya.

Dije ta ce, “Yaya, akwai.” Ta kwashe komai ta faɗa: tambayar hantsi da amsar da nake bayarwa, mai furar Agye, matan Gidan Rumji. Likitar ta ajiye biro ta dube ni.

“Alhaji, kai sau nawa aka gaya maka yayanka ya rasu?”

Na ce sau ɗaya.

“Ita kuma duk wanda ya faɗa mata, ranar ce ta farko. Bayan ɗan lokaci labarin zai gushe, amma jikinta bai san ya gushe ba. Zuciya na bugawa, ciki ya ƙulle, barci ya ƙi, kuma ba ta san dalili ba balle ta yi haƙuri da shi.”

Na yi ciniki da mutane iri-iri, an cuce ni, na kuma gane da wuri. Wannan kuskuren nawa kuwa sai ranar na gane shi. Na tambaye ta ko so take in riƙa yi wa uwata ƙarya. Ta ce ita ba malama ba ce, kuma ba ta ce in yi ƙarya ba. In Inna ta yi cigiyarsa, in zauna kusa da ita in ja ta da labarinsa, yadda yake noma, abin da yake so a ci, domin galibi kewa ce ke tambayar. In ta tsare ni ido cikin ido tana son sani, in gaya mata a hankali in kuma zauna da ita har ta natsu. Amma kada in bar kowane mai wucewa ya yi mata wannan aiki. Ta ƙara da cewa a riƙe maganin hawan jini, a bar ta a ɗakin da ta saba, ta riƙa taka ƙafa da safe, a ba ta aikin hannu irin tsintar wake, kada a zaunar da ita kamar kaya.

Muka kamo hanyar gida. A Maraɗi na ce wa Dije ta yafe mani. Ta ce ta yafe, amma in saya mata kilishi.

Da muka iso Gazawa na fara zuwa wurin limamin unguwarmu. Ya ce ana yin ta'aziyya ne don a sanyaya zuciyar mai rashi, kuma in an yi wa ɗaya daga cikin iyalin ta isar. Na tara mutanen gida na ce daga yau duk mai gaisuwar Yaya ni zai yi wa, a zaure. Wanda zai shiga wurin Inna ya shiga da hirar duniya. Wasu sun gane, wasu sun ce na je Najeriya na koyo rashin kunya.

Sati biyu bayan haka Baba Cindo ya zo daga Gangara. Aminin mahaifinmu ne, ya yi kusan shekara yana jinya wurin ɗansa a arewa, bai samu rasuwar ba. Kuma duk manoman ayar da nake saye a hannunsu a yankin Gangara, maganarsa suke bi. Ya sauko daga amalanke da sandarsa, na shimfiɗa masa tabarma, aka kawo ruwa. Ya ce ba zai sha ba sai ya ga uwar Garba ya yi mata gaisuwa.

Na yi masa bayani tun daga Agye har ofishin likita. Ya saurara har na gama. Ya ce shi ya raka ubana ɗauko ta daga yamma, shi ya yanka ragon sunan Garba, yau kuma ɗan da aka haifa a gabansa zai hana shi faɗin kalma biyu. Na ce ya shiga ya gan ta, ya yi hira har magariba, abu ɗaya kawai na roƙa. Ya ce shi ba zai zauna gaban mai rashi yana zancen damina kamar munafuki ba. Ya miƙe ya nufi ƙofar cikin gida. Na riga shi, na durƙusa a bakin ƙofar, na cire hulata.

“Baba, ka yi mani duk abin da ka ga dama. Nan dai ba za ka wuce da wannan magana ba.”

Ya ce, “Isuhu, ka san abin da kake yi?”

Na ce na sani.

Ya juya ya hau amalankensa, ruwan na nan inda aka ajiye shi. Ranar kasuwar Gangara da ta biyo baya na je da buhunana na dawo da su a ninke. Waɗanda ke tambayata me ya sa rumfata ta yi sauƙi bana, ga dalilin. Na aika masa da goro sau biyu, na kuma sa a gaya masa zan ci gaba da aikawa. Shawarar ƙofa kuwa ba ta canza ba.

Ranar da ya tafi, da na shiga ciki na tarar da Inna a inuwa da faifan wake a cinyarta, tana tsince tsakuwa tana jefa wa kaji. Ta ɗago ta ce ta ji kamar muryar baƙo. Na ce wani dattijo ne daga Gangara, ya wuce. Ta ce an dai ba shi ruwa ko. Na ce an kai masa. Ta gyaɗa kai, ta matsa mani a tabarma, ta turo faifan tsakaninmu ta ce in sa hannu, waken da yawa kuma rana na yi.